Mutumin Ranar Alhamis

Damagaram, 3 ga Mayu

Zuwa ga taubashina Harisu, kurman Daura,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Amatullah da yara. Ya kunnen? Sau uku ina kiranka a waya kana ta "Na'am? Wane ne?" har na gaji, shi ya sa na koma takarda kamar zamanin kakanninmu. Mu nan lafiya lau, sai zafi, sai haihuwa da ba ta ƙarewa. Makon nan kaɗai jarirai goma sha ɗaya na karɓa a asibiti.

Ka zauna kafin ka ci gaba, kada ka faɗi. Aure zan yi. Shekara shida ke nan da rasuwar baban su Sadiya, kuma kai da kake cewa ni matarka ce tun muna wasan ƙasa ba ka taɓa kawo ko goro ɗaya ba. Na gaji da jira.

Mutumin garinku ne. Sunansa Musaddiq, yana da kemis a Daura, amma nan Mainasara ake ce masa. Duk Alhamis, ranar kasuwarmu, yake zuwa kan babur sayen magunguna. Harisu, ban taɓa jin mutum mai iya magana kamarsa ba. In ya zauna a zauren Baffa Munzali yana ba da labari, masu wucewa tsayawa suke yi. Kullum cikin dariya yake, kuma ba ya shakkar kowa.

Baffa ya ce ba zai ba da ni ba sai an yi bincike a mahaifar mutum, kamar yadda aka saba. Na ce ai ina da tsohon malamin makaranta da ba shi da aikin yi sai cinye littattafai. Ka tambayi limaminsu da maƙwabtansa, ka rubuto shaida da hannunka, don gaban Baffa za a karanta. Ka ajiye amsar a shagon Hyginus mai kayan babur a Kongolam, kan iyaka. Direban da ke kawo mini saƙo can yake tsayawa.

Taka da ka ƙi aura,
Adawiyya

Daura, 14 ga Mayu

Zuwa ga Adawiyya, 'yar gwaggona mai gudun miji,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Kunnen dama ya yi ritaya tare da ni, na hagu yana zuwa aiki rabin yini. Amatullah ta ce a gaishe ki, kuma ta ce ta gode da kika haƙura da ni, don ita ma da za ta samu mai karɓa da ta bayar.

Na yi dariya har tari ya kama ni. Musaddiq mai iya magana! Kin dai ci ni a wannan, na yarda. Mutumin da kafin ya gama ce wa mai ciwon kai "sha biyu da safe", ciwon ya gaji ya tafi da kansa? I'inarsa ta fi shekaruna a aikin koyarwa suna a garin nan. Abokina ne, in kin ƙi ji. Ni ba na ji, shi ba ya iya faɗa, don haka hirarmu a bayan kwalin magani muke yinta da biro, kuma ina tabbatar miki ta fi hirar masu baki da kunne ma'ana. Sau ɗaya na ga akuya ta shiga kemis ɗinsa, ya tsaya yana jira ta gama abin da ya kawo ta.

Duk da haka na yi aikin da kika sa ni. Na je wurin liman, ya ce ba a taɓa kabbara sallar asuba babu shi a sahun gaba ba, in ban da ranar da ya yi tafiya. Mai unguwa ya ce bai taɓa zuwa gabansa ba, ko a matsayin mai ƙara ko wanda aka yi ƙara. Tsofaffin layin suka ce magani kyauta yake ba su. Na tambayi har Lawal mai gyaran babur, wanda kowa ya san bakinsa bai taɓa barin mutum ya wuce da rigarsa ba. Na same shi da hannu naɗe da bandeji, ya ce bai san Malam Musaddiq da komai ba sai alheri, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. In Lawal ya rasa abin faɗa a kan mutum, to a buɗe wa mutumin ƙofar Aljanna kawai.

Ya taɓa aure. Matar, Nagoggo, ta koma gidansu a Dutsi shekara huɗu da suka wuce. Na tambayi dalili, liman ya ce zama ne ya ƙare. Ban matsa ba, kin san ba a tona irin wannan.

Ga shaidar nan a takarda dabam, na rubuta ta da Hausar manya saboda Baffa, na sa hannu. Sunan Mainasara kuwa ban taɓa jinsa ba. Wataƙila ku mutanen ƙetare ne kuka ga ya ci nasarar gama jimla ɗaya.

Mijinki na asali,
Harisu

Damagaram, 25 ga Mayu

Harisu, mai baƙin ciki,

Saƙo ya iso, mun gode. Baffa ya sa an karanta shaidarka sau biyu gaban mutane, ya ninke ta ya sa a akwatinsa. Ya ce maganar ɗan Kawu ta ishe shi. An sa rana, mako guda bayan Babbar Salla.

Taka takardar kuwa ni kaɗai na karanta, na yi ta dariya a ɗakin haihuwa har wata mai naƙuda ta harare ni. I'ina! Akuya! Na san sai ka nemo masa wani aibi, amma da ka zaɓi wanda za a yarda da shi. Mutumin da ranar Alhamis ɗin nan ya sa wani jami'in kan iyaka ya ba shi haƙuri da magana kawai. Ka yi ta kishinka, tsoho.

Ƙafata ta hagu tana ɗan kumbura da yamma, ba wani abu ba ne. Ka zo ɗaurin aure, zan ajiye maka ƙashi.

Adawiyya

Daura, 11 ga Yuni

Adawiyya,

Ina fatan ƙafar ta saɓe. Ki rage tsayuwa, ango ba ya son amarya mai ɗingishi, ni ne kawai zan iya haƙuri da ke a haka. Muna lafiya.

Takardarki ta kwana biyu a aljihuna. Da farko na ɗauka kina ci gaba da tsokana ne. Sai na lura ke ma kin ɗauka ni tsokana nake yi. To in ke ba wasa kike ba, ni ma ba wasa nake ba, wane ne kike shirin aura?

Ranar Lahadi na je Kongolam. Hyginus ya shekara ashirin a wurin nan, Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina, kuma Allah ya ba shi murya irin wadda kunnena ke so. Ya ce, "Malam, wannan mata da kake aika wa takarda, ita ce Mainasara zai aura?" Na ce ita ce. Ya leƙa waje, ya dawo, ya ce shi ba ɗan gari ba ne, bai iya irin shirun da muke yi wa juna ba.

Ga abin da ya gani. Wata Alhamis a watan Afrilu, da hantsi, Musaddiq ya tsaya ƙofar shagonsa, mutane sun kewaye shi yana ba su labarin wani rago da aka tsallakar da shi iyaka sanye da riga. Sai ga Lawal mai gyaran babur ya zo daga Daura sayen kaya. Ya tsaya ya saki baki, ya ce, "A'a, Malam Musaddiq! Ashe bakin yana aiki?" Musaddiq ya yi murmushi, ya miƙa masa hannu kamar za su gaisa. Ya kama hannun Lawal ya ɗora a kan salansar babur ɗinsa, wadda ta sha tafiya tun daga Daura, ya danne. Ya ci gaba da labarin ragon. Bai ɗaga murya ba, bai daina murmushi ba, bai tsallake komai a labarin ba. Hyginus ya ce abin da ya fi damunsa shi ne wasu sun yi dariya a ƙarshen labarin, don labarin yana da ban dariya.

Na koma wurin Lawal. Ya ce shi ya faɗa kan salansa da kansa. Matarsa ce ta biyo ni ƙofa ta ce washegari Malam Musaddiq ya zo gidan da auduga da magani, ya durƙusa yana wanke ƙunar yana hawaye, kuma kullum yana zuwa har ta warke.

Na hau mota zuwa Dutsi. Nagoggo ba ta fito ba, ta bayan labule ta yi magana, ƙanenta yana maimaita mini da ƙarfi. Ta ce kwana shida a mako tana auren bawan Allah, ba ta da abin da za ta ce a kansa. Na ce na bakwai fa? Ta ce a gaishe da mutanen Daura.

Jiya da safe na je kemis. Na rubuta masa a bayan kwali: "Wane ne Mainasara?" Ya daɗe yana kallon rubutun. Ga abin da ya rubuta, ina kwafe miki kalma da kalma.

"Shekara takwas ke nan na haɗa wa kaina maganin i'ina, ƙwayoyi da wani jiƙo. Yana aiki. Sai na wuce gari nake sha."

Na rubuta: "Yana mayar da kai wani mutum?"

"A'a. Kunya kawai yake cire mini, da tausayi. Abin da ya saura nawa ne."

Na rubuta: "Adawiyya fa?"

"Ni ban taɓa yi mata magana ba. Shi yake son ta. Ya ce bayan aure a sayar da kemis a koma Damagaram."

Na rubuta: "Kai me ka ce?"

"Nan idon mutane ne ke riƙe da ni. Can ba wanda ya san ni."

Sai wata yarinya ta shigo sayen maganin tari, ya tashi ya sallame ta, ya ƙara mata alewa.

Na karanta abubuwa da yawa a kan ran ɗan Adam, na malamanmu da na Turawa, kuma na sha burge mutane da su a majalisa. Ba su amfane ni da komai ba ranar da aka aike ni. Na tambayi masallaci, na tambayi layi, na tambayi duk inda mutum ke tsayawa don a gan shi. Na ba da shaida a kan mutumin kwana shida, wanda ba ki taɓa haɗuwa da shi ba. Wanda kika sani mutumin Alhamis ne, kuma in ya tare a wurinki, Alhamis bakwai za ki riƙa samu a mako.

Ya kamata Baffa na rubuta wa. Na ɗauki biro sau uku, na tuna an karanta sunana gaban jama'a, na ajiye. Ki je ki ce masa a ɗaga ranar. Ki nuna masa wannan in kin ga dama.

Harisu

Damagaram, 29 ga Yuni

Zuwa ga sarkin masu hassada,

Gaisuwa daga ɗakin amarya. An ɗaura, an yi lafiya, an ci an sha, ƙashinka na ba kare tunda ka ƙi zuwa.

Takardarka ta iso ana saura kwana uku. Harisu, wallahi ka wuce malamin makaranta. Kowa ya san taubashi sai ya kushe ango, ranar aurena na fari ma cewa ka yi marigayi yana da mata bakwai a Agadas. Amma wannan karon ka zage. Salansa, labule, kwalin magani! Ranar lalle na karanta wa mata, Sadiya har da riƙe ciki. Wata tsohuwa ce kawai ta ce ita abin bai ba ta dariya ba, aka ce ai ba ta san ka ba ne. Littattafan nan sun gama da kai.

Shekaranjiya na karanta wa angon. Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce in sake karanta masa wurin da ka ambaci Hyginus, na sake. Ya ce bai san abokinsa yana da baiwa haka ba. Mako mai zuwa zai zo Daura ya kammala maganar kemis, ya ce ba zai dawo ba sai ya zo har gida ya gaishe ka. Ka tanadi shayi, kuma ka nemi gafararsa.

Amarya,
Adawiyya

Daura, 13 ga Yuli

Adawiyya,

Muna lafiya. Wannan ta hannun Adama maƙwabciyarmu za ta zo miki, za ta suna a garinku. Shagon Hyginus a rufe yake. Matarsa Ujunwa ta ce ya tafi gida ganin dangi. Na tambaye ta yaushe zai dawo, ta ci gaba da shara.

Ba wasa nake yi ba. Ban san yadda ake rubuta wannan ta yadda za ki yarda ba, don shekara arba'in ban taɓa gwadawa ba.

Mijinki ya zo ranar Talata. Ya sauka a ƙofar masallaci bayan azahar, ya gaishe da kowa da sunansa, kalma tana bin kalma kamar ruwa a kwararo. Unguwa ta ɗauka. Liman ya ce albarkar aure ce, tsofaffi suna ta hamdala, wata har da guɗa. Na hango Lawal ya ja ƙofar shagonsa ya rufe da rana tsaka.

Da la'asar ya zo zaurena. Ya zauna ta gefen hagu, ya matso, ya yi magana a hankali yadda ba abin da zai wuce ni. Shekara goma sha biyar muna abota, ranar na fara jin muryarsa. Tana da daɗi, kin yi gaskiya. Ya ce, "Malam, ka iya labari." Ya tambayi lafiyar Amatullah da yara ɗaya bayan ɗaya, har da makarantar da ƙaramar take zuwa da hanyar da take bi. Sannan ya ce ko kwalin nan da muka yi rubutu a kai yana nan. Na shiga ciki na ɗauko na ba shi. Bai roƙa ba, bai tsoratar da ni ba. Ni na tashi da ƙafata na ɗauko.

Da zai tafi ya ce, "Takardarka ta farko ita ce gaskiya. Mutumin kirki ne. Ka riƙa sa shi a addu'a."

Sau biyu ina zuwa tasha da niyyar tahowa wurin Baffa, ina dawowa. Ki rubuto ko layi ɗaya.

Harisu

Damagaram, 20 ga Oktoba

Yaya Harisu,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. A asibiti nake rubuta wannan, wata mai jego da za ta Mai'aduwa za ta sa a kawo maka.

Takardarka ta Yuli ta iso a kan lokaci. Haushi na ji, na ce wasan ya wuce iyaka, na ƙi amsawa. Ka ce ba wasa kake ba, amma haka kake cewa a tsakiyar kowane wasa tun muna yara.

Bai yi mini komai ba. Ina so ka san wannan. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Sadiya dai ta kwashe kayanta ta koma gidan Baffa, ta ce ya fi kusa da makaranta, alhali ya fi nisa. Maƙwabta sun daina shigowa ɗibar ruwa. Kowa yana gaishe shi tun daga nesa, da fara'a sosai.

Ranar Litinin na manta makullin kabad ɗin aiki, na dawo gida wajen ƙarfe goma na safe. Na same shi zaune bakin gado, kafaɗunsa a zube, kamar rigar ta yi masa yawa. Ya ɗago ya dube ni. Fuskar tasa ce, amma ban taɓa ganin mutumin ba. Ya buɗe baki. "A... A... Ada..." Ya kasa. Ya gwada har sau huɗu, hawaye yana zuba, yana nuna mini ƙofa da hannu. Ban sani ba ko cewa yake in rufe, ko in fita. Sai ya tashi ya shiga banɗaki ya ja ƙofa. Na ji ƙarar cokali a cikin kofi.

Da ya fito yana goge fuska yana dariya. Ya ce, "Hajiyata, kin dawo? Me kika gani?" Na ce ban ga komai ba. Ya ce madalla. Ya raka ni har bakin titi, ya tsayar mini da mota da kansa. Tun ranar, duk safiya sai ya sake yi mini tambayar, ni kuma in ba shi amsar.

Na je wurin Baffa. Ban iya faɗin abin da ya yi ba, don bai yi komai ba. Baffa ya buɗe akwati ya ɗauko shaidarka, ya sa aka karanta mini, ya ce in koma ɗakina in yi haƙuri.

Kai ka sa hannu, kai za ka janye. Ka zo da kanka, ka sauka gidan Baffa, ka faɗa masa da bakinka gaban mutanen da aka karanta wa. Kada ka yi ko murmushi yayin da kake faɗa.

Kada ka rubuto amsa. Shi ke karɓar saƙo yanzu.

Ƙanwarka,
Adawiyya